Yadda ɗalibin maganin gargajiya zai taimaki mara lafiya ya rabu da taba

A Katsina da Daura da ƙauyukan da ke kewaye da su, mutane da yawa idan tari ya dame su ko ƙirji ya riƙe, wurin mai maganin gargajiya suke fara zuwa kafin su tuna da asibiti. Mai magani yana kusa, ya san gidan kowa, yana saurare ba ya duban agogo, kuma sau da yawa sai an ji sauƙi ake sallamarsa. Wannan amana ce babba, kuma ɗalibin da ke zaune gaban malaminsa yana koyon saiwa da sassaƙe da jiƙo shi ne zai gaje ta. Ana koya masa maganin basir da shawara da sanyi da ciwon gaɓoɓi, amma ba kasafai ake zaunar da shi a nuna masa yadda zai yi magana da mashayin taba ba, alhali daga cikin masu zuwa da tari da hawan jini da ciwon ƙirji akwai waɗanda taba ce tushen ciwonsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. Tana iya kashe har rabin waɗanda suka dawwama a kanta. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2012 ya samu kimanin manya miliyan 4.5 suna amfani da ita, a cikin maza kuwa mutum 10 cikin kowane 100. Ke nan babu mai maganin da zai yi mako yana karɓar marasa lafiya bai haɗu da mashayi ba, ko ya gane shi ko bai gane ba. Ga yadda ya kamata ɗalibi ya bi da shi.

Fara da kanka da rumfar da kake zaune

Idan kai ma kana sha, aikin daga kanka zai fara. Mara lafiya yana jin ƙaurin sigari a rigarka kafin ka buɗe baki, kuma daga nan duk nasihar da za ka yi ba ta da nauyi. Bi matakan nan a kan kanka tukuna. Wanda ya sha wuyar bari ya fi kowa iya tausaya wa mai ƙoƙarin bari.

Idan kuma ba ka taɓa sha ba, haɗarinka daban ne: raina mashayi. Na sha jin ɗalibai suna cewa ɗan iska ne, ko ai shi ya ja wa kansa. Wanda ya ji an raina shi ba zai ƙara faɗa maka gaskiya ba. Nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan an zuƙa, ya sabar mata da kansa har ta kasa natsuwa sai da shi. Yawancin mashaya suna yara suka fara, tun ba su san abin da suke ɗaukar wa kansu ba. Dattijon da ke gabanka yana fama da ciwo ne, kuma a matsayin mai ciwo za ka karɓe shi.

Sai abin da ya fi wuya. A cikin magungunanmu na gado akwai taba. Ƙasar Katsina ta daɗe da nomanta, garuruwa irin su Batagarawa sun yi suna da ita, don haka ta shiga hannun masu magani tun kaka da kakanni: a danna taba gari a ramin haƙori mai ciwo, a shaƙa don ciwon kai ko mura, a ɗora ganyenta a kan kumburi. Wanda aka yi wa yakan ji ɗan sauƙi na lokaci kaɗan, shi ya sa abin ya ɗore. Amma haƙorin yana nan yana ruɓewa, kuma an buɗe wa mutum ƙofar sabo da abin da bai taɓa nema ba. Nikotin yana ratsa fata, musamman daga ɗanyen ganye mai laima, kuma ɗan kaɗan ya isa ya sa ƙaramin yaro amai da jiri da farfaɗiya. Kada ka ba yaro ko mai ciki wani haɗi da taba a ciki, ko na sha ko na shafawa, kuma ka cire ta daga haɗin manya ma.

Idan malaminka yana amfani da ita, kada ka yi masa gyara a gaban mutane. Jira sai an watse, ka ce, "Malam, Allah ya ƙara lafiya, akwai abin da na ji daga ma'aikatan asibiti game da taba a haƙori, ina so in ji yadda ka gan shi." Ka kawo masa madadin da shi ma ya sani: kanumfari da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi don lafa ciwon, sannan a tura mutum wurin likitan haƙori. Malamai da yawa suna karɓa idan an zo musu da ladabi.

A ƙarshe, kada a sha taba a rumfa ko zauren da ake ganin marasa lafiya, ko wane ne. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Sanin wannan zai ba ka ƙarfin gwiwar magana.

Ka tambayi kowa, kuma ka iya tambayar

Duk babban da ya zo, ko ciwon baya ya kawo shi, ka tambaye shi, kamar yadda kake tambayar barci da bayan gida. Idan ka saba tambayar kowa, babu wanda zai ji an zarge shi.

Kada ka ce "kana shan sigari?" kawai. Mai sa taba gari da kanwa a leɓe zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Haka tsohuwar da ke shaƙa, da matar da ke goga fure a haƙora tare da goro, da saurayin da ke zuwa gidan shisha, da dattijo mai lofe. Duka taba ce. Ta baki tana jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro da ciwon dasashi. Shisha kuwa, wadda matasa suka ɗauka ruwan da ke cikinta yana tace guba, wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005 ya nuna zaman awa ɗaya yana iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye.

Ka keɓe da mutum. Babu uban da zai amsa wannan a gaban ɗansa, babu matar da za ta amsa a gaban mijinta ko surukarta. Idan kai namiji ne kuma mace ce ta zo, in akwai ɗaliba ko ungozoma a kusa, bar mata tambayar. Ga irin lafazin da ke buɗe baki:

"Baba, akwai tambayar da muke yi wa kowa saboda haɗin magani. Akwai abin da kake amfani da shi na taba, ko ta sha, ko ta baki, ko ta hanci?"

Idan ya ce akwai, kada fuskarka ta canja. Ka ce, "To madalla da ka faɗa mini, zai taimaka." Sannan tambaya biyu. Kara nawa a yini? Kuma da safe, yaushe kake kunna ta farko? Ta biyun ta fi muhimmanci. Wanda yake kunnawa cikin rabin awa da farkawa, wato yana dawowa daga sallar asuba ko ma kafin ya fita, sabonsa ya yi zurfi, kuma zai fi buƙatar maganin asibiti. Wanda sai bayan la'asar a majalisa yake sha, nasa ya fi alaƙa da zama da abokai.

Wanda ya ce ba ya sha, ka tambaye shi ko akwai mai sha a ɗakin da yake kwana. Yaron da ake yawan kawowa da tari da ciwon kunne da shessheƙa, a duba ko akwai mai busa hayaƙi a gidan.

Nasiha gajera, wadda ta shafi ciwonsa

Ba wa'azi za ka yi ba. Minti 3 sun isa. Ka ɗaura maganar a kan abin da ya kawo shi: "Alhaji, zan ba ka maganin tarin nan, amma gaskiya tsakanina da Allah, muddin ana zuba masa hayaƙi ba zai warke ba. Babu abin da zan haɗa maka da ya kai barin taba amfani."

Tsoratarwa kaɗai ba ta cika aiki ba, mashayi ya riga ya ga gargaɗin da ke jikin kwali. Abin da bai sani ba shi ne saurin da jiki ke yi wajen farfaɗowa. Cikin minti 20 da zuƙar ƙarshe bugun zuciya da hawan jini suna fara sauka. Cikin awa 12 gubar iskar nan irin wadda gawayi ke fitarwa a ɗaki rufe tana barin jini. Tsakanin mako 2 zuwa 12 numfashi da gudun jini suna gyaruwa. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya yana komawa kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haka ma na dajin huhu. Ka haddace waɗannan kamar yadda ka haddace sunayen itatuwa. Ga magidanci kuma, ka faɗa masa a asirce cewa taba na toshe jijiyoyin jini har ta raunana mazakuta. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan maganin ƙarfin maza alhali abin da ke rage musu ƙarfin yana cikin aljihunsu.

Batun kuɗi, bar shi ya yi lissafin da bakinsa: na yini nawa, na wata nawa, kwano nawa na gero ke nan. Batun addini kuma, hadisin da ya hana cutar da kai da cutar da wani kowa ya san shi, kana iya tunatarwa a hankali, amma fatawa ka bar wa malamai.

Daga nan ka tambaye shi kai tsaye ko yana so ya gwada bari cikin watan nan. Idan ya ce bai shirya ba, kada ka ja. Tambaye shi me tabar ke yi masa, me yake tsoro idan ya bari, ka saurara. Ka roƙe shi abu ɗaya, ya daina sha a cikin gida da kusa da yara, kuma ya daina aiken yaro sayo ta. In ya dawo, ka sake tambaya.

A sa rana, a shirya mata

Wanda ya amsa, ku sa rana tare, kada ta wuce mako 2, don niyya tana sanyi. Juma'a tana da kyau, farkon azumi ya fi, tunda mai azumi ya riga ya nuna wa kansa yana iya yini bai sha ba, abin da ya rage shi ne tsakanin buɗa-baki da sahur. Daga ranar da aka sa, ko zuƙa ɗaya babu. Kuma babu sauya sigari da taba gari ko shisha, don ciwon bai tafi ba, wuri kawai ya canja.

Kafin ranar, ku zauna ku bi yininsa daki-daki, ku gano inda tabar take shigowa. Ɗan acaba zai ce lokacin jiran fasinja. Direban da ke bin hanyar Jibiya ko Kano zai ce da barci ya fara fizgarsa. Wani bayan tuwon dare, wani a teburin mai shayi, wani da zarar ya fasa goro, wani sai an ɓata masa rai a gida. Kowane ɗaya a samo masa abin da zai maye gurbinsa. Mai sha bayan abinci ya tashi nan take ya yi asuwaki. Mai sha a majalisa ya ƙaurace mata na makonni biyun farko, ko ya sanar da abokan, ya roƙe su kada wanda ya miƙa masa. Direba ya tsaya ya wanke fuska ya ɗan taka, in barci ne ya kwanta, don taba ba ta maganin gajiya. A daren jajibirin ranar ya zubar da ragowar, ya fitar da ashana daga aljihu, a wanke tufafi da zanen gado. Ya gaya wa uwargida, kuma in za ta yiwu kai ma ka yi mata bayani: "Hajiya, zai yi saurin fushi kwanakin nan, ba da ke yake ba, ki yi haƙuri da shi."

Kwanakin farko, da abin da za ka iya ba shi

Ka gaya masa gaskiyar abin da zai ji tun kafin ya ji: ƙunci, ciwon kai, rashin barci, yawan yunwa, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci tarin ma ya ƙaru saboda huhu ya fara fitar da majina. Kwana na 2 da na 3 su ne mafi tsanani, yawancin alamun suna lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin tabar kuwa kamar guguwar bazara yake, ya taso da ƙarfi, cikin 'yan mintoci ya wuce ko an sha ko ba a sha ba. Aikinsa shi ne ya tsallake waɗannan mintocin: ya kurɓi ruwa a hankali, ya ja dogon numfashi, ya yi alwala, ya ja carbi, ya bar wurin da yake.

A nan kayan rumfarka suna da amfani. Asuwaki yana shagaltar da baki da hannu. Shayin citta da kanumfari mai ɗumi, aya, gyaɗa, ɗan dabino ga wanda ba shi da ciwon suga, duk suna taimakawa. Amma ka faɗi abin da suke yi, kada ka ƙara: suna rage wahala ne, ba su cire sabon nikotin. Ka kuma ce ya rage goro da shayi mai kauri. Jikin mai shan sigari yana saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikinsu, idan ya bari sai sinadarin ya daɗe a jini, goron da ya saba ci ya koma sa shi bugun zuciya da rashin barci, shi kuma ya ɗauka rashin taba ne. Haka yake ga wasu magungunan asibiti, musamman na taɓin hankali da na asma, don haka mai shan su ya sanar da likitansa cewa ya bar taba.

Abin da nake roƙon kowane ɗalibi: kada ka sayar da garin magani ko jiƙo da sunan yana raba mutum da taba cikin kwana 3, kuma kada ka ba da maganin amai wai a wanke ƙirji. Idan mutum ya saya ya sha bai bari ba, zai yanke cewa shi ba mai baruwa ba ne, ka kashe masa niyyar da ya zo da ita. Ba wai tsiro ba ya magani ba. Sitisin, ɗaya daga cikin magungunan barin taba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a jagorarta ta 2024, daga 'ya'yan wata bishiya mai furanni rawaya ake samunsa, kuma tun shekarun 1960 ake amfani da shi a Bulgeriya da maƙwabtanta da sunan Tabex. Amma sai da aka auna shi, aka gwada shi a kan dubban mutane, aka san adadin da ke magani, don 'ya'yan bishiyar a ɗanyensu guba ne. Wanda yake ganin yana da tsiron da ke aiki, hanyarsa ita ce gwaji da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba lasifika a kasuwa ba.

Sauran magungunan da aka tabbatar su ne cingam da filastar nikotin da ake mannawa a fata, da ƙwayoyin bareniklin da bufurofiyon. Ba kai za ka rubuta su ba. Wanda ka ga sabonsa ya yi zurfi, ko ya sha gwadawa yana komawa, ka tura shi wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, kai kuma ka ci gaba da bibiyarsa. Magani tare da bibiya sun fi kowannensu shi kaɗai.

Waɗanda ba za ka riƙe ba

Tarin da ya kai mako 2, ko da jini, ko da rama da zufar dare, a je gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma duk kwanan da aka ɓata ana shan jiƙo, iyalinsa ne ke shaƙa. Ciwon ƙirji mai danna mutum yana sauka hannu ko muƙamuƙi, da shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, wannan na gaggawa ne, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ko mafi kusa. Ga mai taba gari, ka sa ya buɗe baki ka haska da tocila, ka duba cikin leɓe da gefen harshe inda yake ajiye ta. Farin tabo ko ja, ko gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, kada ka shafa masa komai, tura shi. Haka dashewar murya da ta daɗe. Mai ciki ta faɗa a wurin awo. Wanda ya haɗa taba da wiwi ko kodin ko tiramol, ko wanda baƙin ciki ya rufe shi bayan ya bari har yana maganar gajiya da rayuwa, sai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a haɗa shi da ɗan'uwa ya raka shi.

Bibiya

A nan yawancin ƙoƙari ke mutuwa, don ana sa rana sai a manta da mutum. Ka kira shi ko ka leƙa shi a kwana na 3, ku haɗu a ƙarshen makon farko, sannan bayan wata. Idan ya riƙe, ka yaba masa sosai, ka tambaye shi abin da ya fara ji: ɗanɗanon miya ya dawo, ya hau tudu bai tsaya ba. Idan ya koma, kada ka nuna ɓacin rai. Yawancin waɗanda suka bari har abada sai da suka faɗi sau da yawa. Tambaye shi a ina, da wa, me ya faru kafin ya kunna, ku gyara wannan gurbin, ku sake sa rana.

Wannan magana sai da gwaji take zama a baki. Ku ɗalibai ku riƙa zama biyu-biyu, ɗaya ya zama dattijon da ke musu, ɗaya ya tambaya, sannan ku juya. Ku roƙi shugabannin ƙungiyar masu maganin gargajiya ta yankinku su gayyato ma'aikacin lafiya ko malami daga makarantun fasahar lafiya na Daura ko Kankiya ya yi muku bita. Ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, da 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, lokuta ne da suka dace da irin wannan zama.

Ka ajiye ƙaramin littafi, da boko ko da ajami, shafi ɗaya ga kowane mutum: irin tabar da yake amfani da ita, adadin yini, lokacin ta farko, ranar da aka sa, ranakun da za ka neme shi, da inda ka tura shi in ka tura. Maimakon cikakken suna ka sa alamar da kai kaɗai za ka gane, kuma littafin ya zauna inda babu mai buɗe shi sai kai.